Barandar da ba ta satar ɗumin ɗaki: wacce za ka saya?

A ƙasashen sanyi irin su Jamus da Ingila da Kanada, baranda kan zama ɓarauniya. In aka zuba dekin ɗaki ya zarce waje ba yankewa, kankaren da rodin da ke cikinsa su ke kwashe ɗumin hita su kai wa iska. Injiniyoyi na kiran wannan gadar zafi. Leƙa kusurwar ƙofar baranda da hunturu: daɓe ya yi sanyi ƙarara, bango na gumi, baƙar fumfuna ta fara tsirowa. Shi ya sa ƙa'idar ginin Jamus ta ce kada fuskar bango ta ciki ta sauka ƙasa da digiri 12.6 idan ɗaki yana 20, waje kuma 5 ƙasa da sifili.

In ba a kai ga zuba dekin ba, ni dai abin da zan saya shi ne mayankin gadar zafi da ake sakawa tsakanin dekin da baranda. Kamfanin Schöck na Jamus ya fito da nasa, Isokorb, a 1983. Akwai kuma wani irinsa mai suna Halfen HIT. Na Schöck ɗin soso ne mai tauri, kaurin milimita 80 ko 120, rodin da ya ratsa shi kuwa na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, wanda zafin da yake bari ya wuce bai kai sulusin na rodin gama-gari ba. Yana da tsada, ba ƙarya. Kuma ba kayan da za ka nuna da yatsa a kasuwa ba ne, injiniya ne zai lissafa nauyin da zai ɗauka. Ka tambayi mai sayarwa zafin da ke zurarewa a kowace mita, da minti nawa yake jure gobara.

Tsohon gini kuwa, baranda mai tsayuwa kan ginshiƙanta ta fi dacewa, tunda 'yan ƙusoshi kawai ke haɗa ta da bango. Sai dai tana son fili da harsashinta, maƙwabcin ƙasa ma zai yi ta kallon ginshiƙai.

Naɗe tsohuwar baranda da soso sama da ƙasa shi ne zaɓin wanda ya rasa yadda zai yi. Daɓen yana ƙara tudu har ya kusa dokin ƙofa, in ruwa ya samu kafa ya shiga ciki kuma, sai an ɓare an sake.