Makauniyar da ta nuna mini hanya a Liyon

Ƴan uwa na Yamai, ina gaisuwa. Kuna ta tambayata tsadar kaya a Faransa. Ku bar wannan tukuna, akwai abin da ya fi cina.

A Liyon, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu, na ɓace ina ta zagaye, sai wata dattijuwa mai farar sanda ta ji ina tambaya, ta ce in biyo ta. Makauniya fa! A mararraba ta zaro ɗan telekomand daga aljihu ta danna, sai fitilar hanya ta yi magana: ja ce ga mai tafiya a ƙasa, ta kuma faɗi sunan titin. Da ta koma tsanwa sai wani ɗan kiɗa ya tashi, muka ƙetare. Ofishin magajin gari ke ba makafi wannan na'ura kyauta.

Daga ranar na fara kallon ƙasa. A bakin titi, da kan matakala, da gefen da ake jiran jirgi, an shimfiɗa dabe mai ƙulli-ƙulli. Da ƙafa ko sanda ta taɓa shi, mutum ya san ya tsaya. Mai dogayen layuka kuwa shi ke cewa bi nan. Wani Bajapane, Seiichi Miyake, ya ƙirƙiro shi a 1965, aka fara shimfiɗa shi a garin Okayama a 1967. Su kuma Faransawa dokar 11 ga Fabrairu 2005 ce ta tilasta a gyara wuraren jama'a domin masu naƙasa.

Ba wai mutanen nan waliyyai ba ne. Samari na yar da ƙananan baburan haya a kan daben nan su wuce abinsu, kuma har muka rabu da matar ba wanda ya ce mata sannu. A unguwar Yantala ta Yamai da ta sha “Inna, ina za ki?” har ta gaji. Wallahi na yi kewar wannan.

To amma tausayin namu wa ke biyan kuɗinsa? Ɗan jagora. Yaron da ya kamata yana lakwal shi ke riƙe da sandar kakansa tun daga kasuwar Katako har Babbar Kasuwa, cikin rana, tsakanin ƴan kabu-kabu. Mu miƙa sadaka, mu ji mun sami lada, yaro ya girma bai san baƙi ba. Kuma ko Malam ya so tafiya shi kaɗai, ta ina? Gefen titi mai shayi ya kafa teburi, mai walda ya baje ƙarafa, Alhaji ya ajiye mota, gaba kaɗan lambatu a buɗe, an sace murfinsa.

Ban ce a kawo mana fitila mai magana ba, da wannan wutar tamu mai zuwa da tafiya. Amma murfin lambatu siminti ne da rodi, kuma kowace unguwa tana da magini.