Matrigel da rainon ƙwayoyin mabiyiya: abin da na gani cikin shekara biyu a Jidda

Na yi shekara biyu ina aiki da Matrigel a wani ɗakin bincike da ke Jidda, inda muke ƙoƙarin rainon ƙwayoyin mabiyiya domin su zama ƙaramin samfurin abin da ke faruwa a cikin mahaifa. Ni 'yar Maiurno ce da ke gaɓar Kogin Nilu a jihar Sennar ta ƙasar Sudan, kuma abin da ya ja ni zuwa wannan aiki shi ne yawan matan da na gani suna wahala da zazzaɓin cizon sauro da jijjiga a lokacin da suke da juna biyu. Na rubuta wannan ne domin ɗalibanmu da ke shirin kashe kuɗin bincikensu a kan wannan kaya.

Matrigel ruwa ne mai kauri da kamfanin Corning ke sayarwa a kwalabe na mililita 5 ko 10. Ana samo shi ne daga wani ƙari, wato kumburin ciwon daji, da ake rainonsa a jikin ɓera, kuma aikin Hynda Kleinman da abokan aikinta a cibiyar binciken lafiya ta Amurka a shekarun 1980 ne ya samar da shi. Kusan kashi 60 cikin ɗari na furotin ɗinsa laminin ne, kusan kashi 30 kuma kolajin ne. Halinsa ya saɓa wa abin da aka saba gani a kicin, domin a cikin sanyi yake zama ruwa, da ya ji ɗumi kuma sai ya daskare. Wannan hali shi ne dukan amfaninsa. Ana gauraya ƙwayoyin da shi a kan ƙanƙara, a ɗiga ɗigo guda na maikirolita 25 a tsakiyar kowane ramin faranti, a sa a na'urar raino mai digiri 37, kuma bayan 'yan mintoci ɗigon ya tsaya kamar ƙaramar ƙubba. A cikin wannan ƙubba ƙwayoyin suke samun abin riƙewa ta kowace fuska, maimakon su baje a kan roba kamar yadda tsofaffin ƙwayoyin BeWo da JEG-3, da aka daɗe ana amfani da su a madadin na mabiyiya, suke yi, waɗanda asalinsu ma daga ciwon daji ne.

Hanyar da muke bi ta samo asali ne daga aikin da Margherita Turco da abokan aikinta suka wallafa daga Jami'ar Kambirij a 2018, shekarar da wata ƙungiya a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ta fitar da irin wannan sakamako. Su sun yi amfani da mabiyiyar farkon ciki. Mu kuwa muna karɓar ɗan yanki ne daga mabiyiyar da ta fito bayan haihuwa, da izinin kwamitin ɗa'a da kuma yardar mai jego. Ba zan manta da wata dattijuwa Bahaushiya daga unguwannin kudancin Jidda ba, wadda ta raka surukarta haihuwa. Ta tambaye ni, "'Yata, to idan kun ɗauka, me za mu binne?" Na ce mata, "Mama, abin da za mu ɗauka bai kai kan ɗan yatsa ba, sauran duk naku ne." Sai da ta ga yankin da idonta sannan ta sa mana albarka.

Ta fuskar aiki, kayan ya cika alkawarinsa. A cikin mako guda zuwa kwana goma ƙwayoyin sukan taru su zama ƙananan dunƙule masu ɓaɓɓako, kuma ranar da na ɗibi ruwan da suke kwance a ciki na ɗiga a kan tsinken gwajin ciki irin na kantin magani, layi biyu suka fito. Ma'anar wannan ita ce ƙwayoyin suna fitar da sinadarin hCG, wanda shi tsinken gwajin ciki ke ganowa, kamar yadda mabiyiya mai rai take yi. Na daɗe ina kallon tsinken nan a hannuna.

Inda hankali ya kamata ya tsaya shi ne batun sanyi. Ana ajiye Matrigel a digiri 20 ƙasa da sifili, a narkar da shi a hankali cikin ƙanƙara a firiji tsawon dare, kuma da zarar ya haura digiri 10 ya fara kamawa. A garin da zafin bazara ke kusantar digiri 40, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Akwai lokacin da wani dillali ya karɓi kayanmu da yammacin Alhamis, ya bar su a rumbunsa har wayewar Lahadi, kuma da muka buɗe akwatin babu ko ɓurɓushin busasshiyar ƙanƙarar da ake sanyaya kayan da ita a hanya, abin da ke cikin kwalbar kuwa ya riga ya sandare. Mun yi asarar kuɗi da makonni uku na jira. Tun daga nan ba ma yarda a kawo mana kaya a ƙarshen mako, kuma da kwalba ta iso muke raba ta cikin ƙananan bututu domin kada a riƙa narkarwa ana sake daskararwa. Hatta bakin bututun ɗiba a firiza yake kwana.

Akwai kuma abin da ya shafi asalin kayan. Tun da daga jikin dabba ake samo shi, kowane rukuni yakan ɗan bambanta da na baya wajen yawan furotin, wanda yawanci yake tsakanin miligiram 8 zuwa 12 a kowace mililita, shi ya sa ake haɗa kowane rukuni da takardar bayaninsa. Mai hankali zai karanta takardar, ya sayi abin da zai ishe shi daga rukuni guda, ya kuma zaɓi nau'in da aka rage wa sinadaran haɓaka girma. Yana da tsada, kuma ɗalibin da ke dogaro da tallafi kaɗan zai ji a jikinsa.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai son binciken zazzaɓi shi ne yadda dunƙulen suke juyewa a cikin Matrigel. A jikin mace, shimfiɗar mabiyiya wadda ƙwayoyinta suka haɗe suka zama abu guda ita ce a waje, tana fuskantar jinin uwa, kuma a kanta ne jajayen ƙwayoyin jini masu ɗauke da falsifarum, wato ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, suke maƙalewa ta hanyar furotin VAR2CSA. A cikin ƙubbar kuwa wannan shimfiɗa tana komawa ciki, inda jinin da muka zuba ba zai kai gare ta ba. Dole muke fitar da dunƙulen mu raine su suna yawo a cikin ruwa kafin su juyo. Saboda haka ina ba da shawarar Matrigel ga wanda zai fara rainon ƙwayoyin ya kuma yawaita su, matuƙar yana da firiza da wutar da ba ta yankewa, amma wanda tambayarsa ta shafi haɗuwar jinin uwa da mabiyiya sai ya tanadi wannan mataki na biyu a cikin tsarinsa da kasafinsa tun daga farko.