Babel, SWC, esbuild ko tsc: wanne za ka ɗauka don kod ya tashi a tsohuwar burauza?

Kod ɗin JavaScript na lalacewa a tsohuwar burauza ta hanya biyu, kuma a nan zaɓin tsakanin waɗannan kayan aikin sarrafa kod guda huɗu yake. Na farko, sabon tsarin rubutu. Alamar `?.` ta shigo ne da ES2020, wato sigar ƙa'idar JavaScript ta shekarar 2020, Chrome 80 ya fara gane ta. Burauzar da ba ta kai haka ba ba za ta karanta fayil ɗin ba sam, shafi ya tsaya fari fat. Na biyu, aikin da babu shi a burauzar, kamar `replaceAll` na ES2021. Wannan shafin zai buɗe lafiya lau, sai an taɓa maɓallin da ke kiransa a ga TypeError. Maganin na farko shi ne sake rubuta kod, na biyu kuwa sai faci, wato kod ɗin da ke cike gurbin aikin da babu, irin wanda laburaren core-js ke bayarwa.

tsc, na TypeScript, maganin na farkon kaɗai yake yi. Saitin `target` yana saukar da tsarin rubutu zuwa tsohuwar siga, amma saitin `lib` ba ya ƙara faci ko ɗaya, gaya wa tsc kawai yake cewa aikin yana nan. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami.

esbuild, da aka rubuta da Go, ba a kama shi a sauri. Sai dai ba ya saukar da `class` ko `let` zuwa ES5, tsohuwar sigar JavaScript, ba ya sa faci, ba ya kuma karanta browserslist, wato jerin burauzar da kake son kod ya tashi a kansu, da kansa. In masu ziyartar shafinka na kan burauza ta zamani, ya wadatar.

Babel ne mai nauyi, amma shi ya fi cika aiki. Ka sa @babel/preset-env da `useBuiltIns: "usage"`, zai duba kod ya sa facin da ake buƙata kaɗai. Ka rubuta cikakkiyar sigar core-js da ka girka, misali "3.38". In ka rubuta 3 tsura, facin da aka ƙara bayan 3.0 ba zai shiga ba, kuma babu wanda zai yi maka gargaɗi. Wani abin lura: yawancin saitin webpack, mai haɗa fayilolin kod wuri guda, ba sa bi da node_modules, inda laburaren da ka girka suke, ta Babel, don haka laburare guda mai `?.` zai iya kayar da shafin duka.

SWC, na Rust, yana sauka har ES5, yana aiki da core-js, kuma Next.js ya koma kansa tun siga ta 12. Idan ba ka da wasu filogin na Babel da ka dogara da su, shi za mu ce ka fara gwadawa.

Akwai abin da babu wanda zai gyara maka. `Proxy` ba ya facuwa, shi ya sa Vue 3 bai ɗauki Internet Explorer 11 ba. Safari ma bai karɓi duban-baya (lookbehind) a regex, wato tsarin neman rubutu, ba sai siga ta 16.4.

Ko wanne ka ɗauka, ka bi fayil ɗin ƙarshe da es-check, mai duba ko sabon tsarin rubutu ya saura a ciki, sannan ka buɗe shi a tsohuwar wayar Android wadda WebView ɗinta, wato injin buɗe shafi a cikin manhajoji, ya daɗe bai ga sabuntawa ba.