Yogi Berra ko Johnny Bench: Wa Ya Fi Iya Cafe a Besbol?

Malam, tambayarka ta yi ma'ana. Ka ce ka ga Yogi Berra ya ɗauki kofin World Series, wato wasan ƙarshe na gasar besbol ta Amurka, sau 10, Johnny Bench kuwa sau 2 kacal, amma duk da haka masana wasan besbol na Amurka da yawa Bench suke sa wa a gaba idan ana lissafin masu cafe, kuma kana son sanin dalili. Amsar a taƙaice ita ce kofi na ƙungiya ne, cafe kuwa sana'ar mutum ɗaya ce, kuma a wannan sana'ar Bench ya fi. Sai dai Berra ba kanwar lasa ba ne, akwai inda ya yi wa Bench fintinkau.

Sai an fara sanin aikin kafin a auna masu yinsa. Mai cafe shi ne wanda ke tsugune a bayan faranti, wato wurin da mai bugu ke tsayawa, sanye da garkuwar fuska da ta ƙirji da ta ƙwauri. Tsakaninsa da mai jifa mita 18 da 'yan kai ne, ƙwallon kuma tana iya zuwa da gudun kilomita 150 a awa. Shi ke zaɓar irin jifar da za a yi, yana nuna wa mai jifa da yatsu a tsakanin cinyoyinsa: yatsa ɗaya jifa mai ƙarfi, yatsa biyu mai lanƙwasa. Idan ƙwallo ta dira a ƙasa, da ƙirjinsa zai tare ta. Idan ɗan tsere ya zabura daga zango na ɗaya zai saci na biyu, shi zai miƙe ya wurga ƙwallon nisan kusan mita 39, kuma daga shigarta safar hannunsa zuwa isarta can bai kamata a wuce daƙiƙa biyu ba. Mai jifa ya riga ya cinye kusan daƙiƙa ɗaya da sulusi, ɗan tsere mai sauri kuma daƙiƙa uku da rabi ta ishe shi. Saboda haka ɗan jinkirin da za a yi wajen zaro ƙwallon daga safa, ko taka ƙafa ba daidai ba, shi ke nan zango ya tafi. Bayan duk wannan wahala, da layinsa ya zo zai cire kaya ya ɗauki kulki ya yi bugu kamar kowa.

To mu fara da kulkin, domin nan ne mutanen biyu suka fi sauƙin jerawa. Yawan damar bugun da suka samu kusan ɗaya ne: Berra 7,555, Bench 7,658. Berra ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga sau 358, Bench sau 389. Makin da bugun Berra ya shigo da su 1,430 ne, na Bench 1,376. A cikin kowace dama dubu Berra yana samun bugu mai kyau 285, Bench 267. Duk waɗannan kunnen doki ne ko kusa da haka. Inda suka rabu shi ne fitar kuskure uku, wato mai jifa ya kori mai bugu ba tare da ya sa ƙwallon cikin fili ba. An yi wa Bench haka sau 1,278. Berra kuwa sau 414 a duk rayuwarsa ta wasa. A kakar 1950 ya tsaya bugu sau 597, ya tsallakar da 28, aka kore shi sau 12 kawai. Abin da ya sa wannan ya zama abin mamaki shi ne Berra ba mai zaɓe ba ne. Ƙwallon da ta zo daidai idon sawu ko ta wuce kafaɗa, wadda kowane mai horarwa zai ce a ƙyale, shi kai mata duka yake yi kuma ya same ta. Gajere ne, tsayinsa kimanin santimita 170, mai kaurin jiki, amma wuyan hannunsa na da saurin da ba a koyar da shi. Shekara bakwai a jere, daga 1949 zuwa 1955, shi ne kan gaba a ƙungiyarsa ta New York Yankees wajen shigo da maki, a ƙungiyar da ke da Joe DiMaggio daga baya kuma Mickey Mantle. Idan bugu ake magana, mu Berra za mu ɗauka.

Amma ƙolin Bench ya fi tsawo. A 1970, yana ɗan shekara 22, ya tsallakar da 45, ya shigo da maki 148, aka zaɓe shi gwarzon rukuninsa, ɗaya daga cikin rukuni biyu na babbar gasar. A 1972 ya sake yin 40 da 125, ya sake zama gwarzo. Berra bai taɓa wuce 30 a kaka ɗaya ba, ko da yake shi sau uku ya zama gwarzo, a 1951 da 1954 da 1955. A ƙarshen 1972 ɗin nan likitoci suka ga wani tabo a huhun Bench, aka tsaga ƙirjinsa aka cire. Ba daji ba ne, amma aikin ya ratsa tsoka da haƙarƙari, kuma tun daga nan bai ƙara kai 40 ba.

Yanzu ga inda maganar take, wato bayan faranti.

Berra bai shigo da iya cafe ba. Da ya fara wa New York Yankees wasa a ƙarshen 1946, kulkinsa ne ya ba shi gurbi. A World Series ta 1947 'yan Brooklyn Dodgers sun yi ta satar zango a kansa har aka zaunar da shi a wasu wasannin. Da Casey Stengel ya karɓi ƙungiyar a 1949, sai aka ɗauko tsohon mai cafe Bill Dickey ya zauna da shi: yadda zai matso kusa da mai bugu, yadda zai taka ƙafa kafin ya yi jifa, yadda zai sa jiki gaban ƙwallo maimakon ya miƙa hannu. Berra ya koya, ya kuma ƙware ƙwarai. Tsakanin 1957 da 1959 ya yi wasa 148 a jere ba kuskure ko ɗaya. Ranar 8 ga Oktoba, 1956, shi ya tsuguna wa mai jifa Don Larsen a wasa na biyar na World Series, masu bugu 27 na Dodgers suka zo suka koma ba wanda ya taka zango na ɗaya, cikin jifa 97. Har yau ba a sake yin irin wannan a World Series ba. Hoton da ya fi shahara daga ranar shi ne na Berra, lamba 8 a bayansa, ya yi tsalle ya maƙale a ƙirjin Larsen, ƙafafunsa na reto. Wannan lamba 8 ta Dickey ce tun asali, kuma a 1972 Yankees ta jingine ta da sunan su biyun.

Sai dai Berra ya ƙware ne a sana'ar kamar yadda ya tarar da ita. Safar cafe ta zamaninsa zagayayya ce, mai kauri kamar matashin kai, da ɗan rami a tsakiya, kuma ba ta naɗewa. Idan ƙwallo ta bugi ramin, dole hannun dama, wanda ba komai a jikinsa, ya rufe ta nan take, in ba haka ba ta yi tsalle ta fice. Ma'ana hannun jifa kullum yana gaba, a bakin hanya. Da kulki ya ɗan shafi ƙwallo ta canza hanya, a kan yatsu take sauka. Shi ya sa tsofaffin masu cafe na wancan zamani yatsunsu a karkace suke kamar saiwar itace, kuma kusan kowace kaka sai sun yi makonni suna jinya.

Bench ya karya babban yatsansa na dama a 1966, tun yana ƙaramar ƙungiya. Da ya hau Cincinnati Reds sai ya rungumi wata sabuwar safa mai gaɓa, wadda ke naɗewa kamar baki idan ƙwallo ta shiga. Ba shi ya fara ba, Randy Hundley na Chicago Cubs ya riga shi, amma a hannun Bench duniya ta ga amfaninta. Da hannun hagu kaɗai yake cafewa, na dama kuma ya ɓoye shi a bayan jikinsa idan ba kowa a zango. Idan akwai ɗan tsere, sai ya dunƙule hannun sako-sako a bayan safar, yadda zai zaro ƙwallon da wuri. Wannan ya ba shi abu uku: yatsu sun tsira, hannu yana kai wa ƙwallon da ta kauce nesa, sannan yana iya share ɗan tseren da ke zamowa gida, wato kan faranti, da hannu ɗaya kamar mai shara, ba sai ya jira an yi karo ba. Salon yana da illarsa. Wanda ba shi da ƙarfin hannu ko ya cika kasala sai ya koma miƙa safa ga ƙwallon da ta dira ƙasa maimakon ya durƙusa ya tare ta da ƙirji, sai ta sulale ta bayansa 'yan tsere su ci gaba. Bench bai faɗa wannan ramin ba, domin tafin hannunsa na da faɗin da yake riƙe ƙwallo bakwai a hannu guda, ƙafafunsa kuma ba su tsaya wuri ɗaya ba. A shekararsa ta farko cikakkiya, 1968, ya yi cafe a wasa 154, ya zama gwarzon sabbin 'yan wasa, ya kuma karɓi kyautar Gold Glove, wadda ake ba wanda ya fi iya tsaro a gurbinsa. Ya riƙe ta shekara goma a jere, har 1977. Duk mai cafen da za ka gani yau a talabijin, da hannu ɗaya yake cafewa irin na Bench.

Akwai wani adadi da ke ruɗa mutane. Berra ya kama kusan kashi 49 cikin ɗari na masu yunƙurin sata a kansa, Bench kashi 43. Wanda ya tsaya nan zai ce hannun Berra ya fi. Amma zamanin ba ɗaya ba ne. A 1950 wanda ya fi kowa satar zango a rukunin su Berra, Dom DiMaggio, 15 kawai ya sata a duk kakar. Ba a ɗauki satar da muhimmanci ba, masu yinta ma da yawa ba gwanaye ba ne, don haka kusan kowane mai cafe yana kama da yawa. A rukunin su Bench kuwa Lou Brock shi kaɗai ya saci 118 a 1974, ga filayen ciyawar roba da ke ƙara wa mai gudu sauri. Berra ya ɗan ɗara sa'o'insa kaɗan, Bench kuwa ya ba nasa tazara mai yawa. Ƙungiyoyi da dama ma sukan haƙura da gudun idan shi ne a baya, kuma wanda bai gudu ba ba ya shiga lissafi.

Batun kofi goma ɗin ma zamani ne. Lokacin da Berra ke ganiyarsa ƙungiya takwas ce a kowane rukuni, kuma wadda ta zo ta ɗaya kai tsaye take wucewa World Series, ba wani zagayen share fage. Ɗan wasa kuma ba shi da ikon barin ƙungiyarsa ya tafi inda aka fi biya, don haka Yankees, wadda ta fi kowa kuɗi da matasa masu tasowa, ta riƙe gwanayenta shekara da shekaru. Berra ya buga World Series 14 a matsayin ɗan wasa, wasa 75, bugu mai kyau 71, duka biyun ba wanda ya kamo shi. Ba ɗan rakiya ba ne a waɗannan nasarori, ginshiƙi ne. Amma daga 1969 sai ƙungiya ta tsallake wani zagaye kafin ta kai can, ƙungiyoyin kuma sun ƙaru. Reds ta Bench ta kai sau huɗu, ta faɗi a 1970 da 1972, ta ci a 1975 da 1976.

Ba zai yiwu a yi wannan kwatanci a tsallake mutum biyu ba. Roy Campanella na Dodgers shi ma sau uku ya zama gwarzo, a 1951 da 1953 da 1955, kuma kashi 57 cikin ɗari na ɓarayin zango yake kamawa. Wariyar launin fata ta hana shi shiga babbar gasa sai 1948, haɗarin mota kuma ya shanye masa jiki a Janairun 1958. Josh Gibson kuwa ko ƙofar bai taka ba. A Amurka duk wasansa a gasar baƙaƙen fata ya yi shi, ya rasu a Janairun 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin Jackie Robinson ya karya shingen. Da hukumar besbol ta haɗa alƙaluman waccan gasa da nata a 2024, sai Gibson ya hau saman kowa a tarihi wajen samun bugu mai kyau a cikin kowace dama dubu, har ya sauke Ty Cobb. Shekara ɗaya aka shigar da shi da Berra zauren girmamawa na Cooperstown, a 1972. Bench ya shiga a 1989.

Tsugunon ya ci su duka biyun. Berra ya yi cafe a wasa 1,699, a ƙarshe ya bar wa Elston Howard gurbin ya koma tsaron bakin fili. Bench ya yi 1,742, shekara 13 a jere yana wuce wasa ɗari a baya, har gwiwoyi suka gaza ya koma zango na uku da na ɗaya, ya ajiye wasa a 1983 yana da shekara 35 kacal.

Idan kana son ka gani da idonka, Malam, nemi hoton bidiyon World Series ta 1976, Reds da Yankees. Ka lura da hannun daman Bench, inda yake ɓoye shi kafin jifa, da yadda ƙwallo ke barin hannunsa tun bai gama miƙewa ba. A wasanni huɗun ya samu bugu 8 cikin dama 15, a na ƙarshe ya tsallakar da biyu a filin Yankees, Reds ta share su 4 da babu. Thurman Munson, mai cafen Yankees, shi ma ya samu 9 cikin 17 amma bai hana ba. Berra yana cikin filin a daren, sanye da rigar Yankees, yana ɗaya daga cikin masu horar da ƙungiyar.