Asibitin yaran da ya yi mini bayanin takardar gwajin Auta

Kwana uku jikin Auta kamar garwashi, ma'aunin zafi yana nuna 39 da ɗoriya. Watanta 14. Gwajin maleriya sau biyu bai nuna komai ba, mai kemis kuma ya riga ya ɗora mana antibayotik. Rana ta huɗu zazzaɓin ya sauka, sai ƙananan ƙuraje jajaye suka feso mata a ciki da baya. Surukata na gani ta ce ƙyanda ce. A haka muka nufi wani asibitin yara mai zaman kansa a nan Kano.

Wurin yankar kati bai yi mini ba. Mun fi awa biyu a kan benci, fanka ɗaya, yara masu tari da masu ƙuraje duk a cakuɗe. Kuɗin gwajin jini ma ya yi nauyi, kuma sai da aka yi kwana biyar sakamakon ya fito. Wadda ta miƙo mini takardar ko kallona ba ta yi ba. Na ga an rubuta HHV-6 da CMV, duka biyun akwai. Cuta biyu a jikin yarinya ɗaya! Ƙafafuna suka yi sanyi.

Likitar ce ta wanke musu laifi. Ta ja kujera kusa da ni, ta taɓa kaluluwar da ke wuyan Auta, ta ce, "Maman Auta, kwantar da hankalinki." Ta ce ƙwayoyin cutar nan 'yan gida ɗaya ne, dangin hafis, su takwas ne ke kama ɗan Adam, har da mai kawo ƙaranbau da mai sa ƙurajen baki. HHV-6 ce ta kawo zazzaɓin da ƙurajen, kuma yawancin yara sun gamu da ita kafin su cika shekara 2. CMV kuwa ta yawu da fitsari da nonon uwa take bi, mai yiwuwa ta daɗe a jikin. Na tuna yadda yayyenta ke tsotsar alewa su cusa mata a baki. Da zarar ƙwayoyin cutar sun shiga jiki, zama suke yi har abada suna barci, shi ya sa ganin biyu tare ba abin mamaki ba ne. Inda ake tsoro shi ne jariri sabon haihuwa, ko yaron da garkuwar jikinsa ta yi rauni.

Ta sa muka daina antibayotik ɗin, tunda ba ya taɓa irin wannan ƙwayar. Farasitamol da ruwa da nono kawai, ban da asfirin. Ta ja kunnena: idan jijjiga ta zo, ko yarinya ta ƙi shan nono, in dawo ko tsakar dare ne.

Zan koma asibitin saboda likitar. Amma ku je da sassafe, ku riƙe ruwan shanku, kada kuma ku karanta takardar gwaji ku kaɗai a bakin ƙofa kamar yadda na yi.