Sakan 4.2 da manhajar kallon ƙwallon kwando ta cinye mini

Na biya kuɗin wata uku a kan wata manhaja mai ajiye tsofaffin wasannin ƙwallon kwando na Amurka, kuma dalili ɗaya ne ya sa na rufe ido na biya, duk da yadda canjin kuɗi ya mayar da irin wannan biya abin da sai mutum ya yi shawara da aljihunsa. Ɗan ƙanwata, yaro mai shekara 15, ya zo hutu wurina a Zariya da ɗokin wasan kwando, amma iyakar abin da ya sani shi ne gutsattsarin bidiyon da ake yawo da su a waya. Na ƙudura zan bi da shi tarihin ƙungiyar Toronto Raptors ta gasar NBA daga tushe, wasa bayan wasa, ba tare da na gaya masa wanda ya ci ba, domin ya ɗanɗana irin jiran da magoya bayanta suka yi tun daga 1995 har zuwa kofin 2019. Zaɓen ƙungiyar kuwa ba ya buƙatar dogon bayani ga ɗan Zariya, domin Masai Ujiri, mutumin da ya haɗa tawagar da ta ɗauki kofin, a garin nan ya tashi kuma a nan ya fara riƙe ƙwallo.

A makonni biyun farko ban da yabo babu abin da nake yi wa manhajar. Ajiyarta ta shekarun farko ba ta da yawa, hotunan ma dishi-dishi ne, amma abin da ke ciki ya ishe mu. Mun ga ƙungiyar tana wasa a SkyDome, filin da aka gina domin wani wasa daban, a kakar farko da ta ci wasa 21 kacal ta sha kashi a 61, kuma mun ga ranar da waɗannan raunanan suka doke Chicago Bulls ta Michael Jordan a watan Maris na 1996, a kakar da Bulls ɗin ta ci wasa 72. Daga nan muka shiga zamanin Vince Carter, wanda tsallensa ya sa yaron ya riƙa cewa in mayar da hoton baya. Wasan da na fi so ya gani a wannan zamani shi ne na bakwai tsakanin Toronto da Philadelphia a zagaye na biyu na fitar da gwani a 2001 (a wannan mataki ana iya kaiwa wasa bakwai, ƙungiyar da ta fara cin huɗu ce ke wucewa), inda Carter, wanda da safiyar ranar ya je bikin yaye ɗalibai a jami'arsa ta North Carolina, ya samu ƙwallon ƙarshe saura sakan biyu, ya harba, ta leƙo ta koma, aka tashi 88 da 87. Yaron ya riƙe kai, ni kuwa na yi shiru ina murna a ciki, domin na san abin da na tanadar masa shekara 18 a gaba.

Shekarun da suka biyo baya mun ratsa su da sauri saboda babu daɗi a cikinsu. Carter ya koma New Jersey a ƙarshen 2004, Kobe Bryant ya zuba wa ƙungiyar maki 81 shi kaɗai a Janairun 2006, Chris Bosh ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya tafi Miami a 2010, kuma daga 2009 zuwa 2013 aka yi kaka biyar a jere ba a shiga zagayen fitar da gwani ba. Ujiri ya karɓi ragamar a 2013 bayan ya lashe lambar gwarzon jami'in gudanarwa na shekara a Denver, ya rabu da Andrea Bargnani da Rudy Gay cikin watanni, kuma abin da mutane suka ɗauka rushe gida ne sai ya zama farkon gini a kan Kyle Lowry da DeMar DeRozan. A nan ma manhajar ta yi mini rana, domin duk wasannin baƙin ciki suna nan cikakku: yadda Paul Pierce ya tare ƙwallon Lowry a ƙarshen wasa na bakwai da Brooklyn a 2014, yadda Washington ta share su huɗu babu ko ɗaya a 2015, da kuma shekaru uku a jere da LeBron James da Cleveland suka zame musu ƙarfen ƙafa. Ta 2018 ce ta fi ciwo, domin Toronto ta ci wasa 59 ta zo ta ɗaya a shiyyar gabas, amma Cleveland ta sake share ta tas. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, anya mutanen nan za su taɓa cin wani abu kuwa?" Na ce masa ya dai ci gaba da kallo.

Na zauna na yi masa bayanin cacar da Ujiri ya yi a bazarar 2018, domin ba a bidiyon wasa ake ganin wannan ba. Ya sallami koci Dwane Casey a kakar da aka zaɓe shi gwarzon koci, ya ɗora mataimakinsa Nick Nurse, sannan a watan Yuli ya miƙa DeRozan, ɗan wasan da ya fi kowa son garin, ga San Antonio, ya karɓo Kawhi Leonard da Danny Green. Leonard wasa tara kawai ya buga a kakar da ta gabata saboda rauni, kuma shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa. Har yau ina ganin an yi wa DeRozan rashin kara, amma ina kuma ganin babu wata hanyar da ta rage bayan abin da Cleveland ta yi musu.

To, ga inda abin ya lalace. Mun wuce Orlando cikin wasa biyar, muka shiga karawa da Philadelphia, abokiyar hamayyar 2001, a zagaye iri ɗaya, aka yi kare jini biri jini har zuwa wasa na bakwai, wanda aka buga a Toronto ranar 12 ga Mayu, 2019. Na shirya wa wannan dare kamar mai shirin karɓar baƙi. Na sayi data mai yawa, na sa man janareto domin kada wuta ta yi mana halinta, na haɗa wayar da talabijin, na kuma karɓe wayar yaron tun la'asar don kada ya leƙa sakamako. Muka kalli wasan tun daga farko, wasa mai tauri wanda maki ba ya shiga sai da gumi, har zuwa lokacin da Leonard ya ɓarar da ɗaya daga cikin jefa biyu na kyauta, Jimmy Butler ya ruga ya zura ƙwallo, maki ya zama 90 da 90, agogo ya tsaya a sakan 4.2, Toronto ta nemi a dakata domin shawara. Yaron ya sauko daga kujera ya durƙusa gaban talabijin. 'Yan wasa suka dawo fili, Marc Gasol ya tsaya a gefe riƙe da ƙwallo zai jefo ta ciki, sai allon ya yi baƙi.

Na ɗauka sabis ne ya ɗauke, na fara zagin kamfanin waya a zuci, amma kafin in taɓa komai sai ga ƙidaya ta fito a ƙasan allo, biyar, huɗu, uku, manhajar ta tsallaka da kanta zuwa bidiyo na gaba a jerin, wato wasan farko tsakanin Toronto da Milwaukee, da sunayen ƙungiyoyin ɓaro-ɓaro. Yaron ba wawa ba ne. Ya karanta, ya juyo ya ce, "Kawu, ashe sun ci." Bai yi ihu ba, bai yi tsalle ba, ya faɗa ne kamar wanda aka gaya wa farashin tumatir. Na koma baya na sake buɗe wasan, na ja shi zuwa ƙarshe har sau uku, na kuma gwada a kwamfuta, kullum a wuri ɗaya yake yankewa. Ashe bidiyon da suka ɗora ne gundumemme, awa biyu da wani abu na wasa suna nan, sakan huɗun da aka yi wasan dominsu babu.

Wanda bai san wasan ba zai ce ai abin bai taka kara ya karya ba, shi ya sa zan faɗi abin da ke cikin waɗannan sakanni. Leonard ya karɓi ƙwallon a saman da'ira, ya ruga dama Ben Simmons yana biye da shi, Joel Embiid ya karɓe shi, ya kai kusurwa ya yi sama ya saki ƙwallon ta bisa hannun Embiid, ƙararrawa ta buga tana cikin iska. Ta faɗa kan bakin kwando ta yi tsalle sau huɗu, filin ya yi tsit, Leonard yana tsugune a gefe yana kallo, sannan ta faɗa ciki. Aka tashi 92 da 90, shi yana da maki 41, kuma wannan ne karo na farko a tarihin gasar da ƙwallon ƙararrawa ta raba gardama a wasa na bakwai. Embiid ya fashe da kuka, Gasol ya rungume shi yana rarrashi. Makonni uku na yi ina gina yaro domin ya ga ƙwallon Carter da ta ƙi shiga ta dawo bayan shekara 18 ta shiga, a gaban abokan hamayya ɗaya. Daga baya na nemo guntun bidiyon a wani wuri na nuna masa, ya kalla ya ce ya yi kyau, amma kallon wanda ya riga ya san amsa ne, kuma wannan ba ya dawowa ko da an mayar mini da kuɗina ninki goma.

A daren na rubuta wa sashen kula da masu hulɗa, na ba su ranar wasan da daidai mintin da bidiyon ke yankewa. Amsar da ta zo washegari ta ce in duba ƙarfin intanet ɗina, in goge manhajar in sake saukewa. Na sake rubutawa cewa matsalar a bidiyonsu take, na haɗa da hoton allo, sai wata amsar ta zo mai ɗauke da kalmomi iri ɗaya da sunan wani ma'aikaci daban a ƙasa. A karo na uku aka gode mini da haƙuri, aka ce an miƙa koken ga waɗanda abin ya shafa, aka kuma roƙe ni in ba su tauraro gwargwadon gamsuwata.

Duk da haka, gaskiya ta sa in ce sauran tafiyar ta ɗan wanke mini zuciya, har na fara tunanin na tsananta. Karawar Milwaukee tana nan lafiya lau, hoto tangaran, babu tsinkewa ko sau ɗaya, kuma da yake na koyi darasi na kashe tsallakawar kai tsaye, wadda sai da na sha lalube kafin na gano inda suka ɓoye maɓallinta. Yaron ya ga Toronto ta faɗi wasa biyun farko a hannun Giannis Antetokounmpo, ta tsira da ƙyar a na uku bayan ƙarin lokaci har sau biyu, sannan ta ci sauran ukun a jere. A karawar ƙarshe ta ɗaukar kofi da Golden State ya samu gwaninsa, Pascal Siakam ɗan Kamaru, wanda aka zaɓa na 27 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2016 kuma ya zuba maki 32 a wasan farko, ya kuma kamu da son Fred VanVleet da ya ji cewa babu ƙungiyar da ta zaɓe shi ranar zaɓen sababbin 'yan wasa. Ban ɓoye masa cewa raunin Kevin Durant a wasa na biyar da na Klay Thompson a na shida sun taimaka ba, domin duk mai faɗin akasin haka son rai ne. Ranar da muka kalli wasa na shida, wanda aka buga 13 ga Yuni a Oakland aka tashi 114 da 110, yaron ya yi ihun da ya kamata ya yi tun a wasan Philadelphia, har maƙwabta suka aiko tambaya ko lafiya. A wannan dare da an ce in ba manhajar tauraro, da huɗu zan bayar.

Abin da ya dawo da ni ruwa shi ne saƙon banki. Wata ukun da na biya sun cika bayan yaron ya koma gida, ban sabunta ba, ban kuma nemi a sabunta ba, amma da asuba sai ga sanarwar an cire kuɗin wasu wata ukun, a sabon farashi, ba tare da ko imel ɗin gargaɗi ba. Mutanen da suka kasa gyara sakan huɗu cikin wata biyu ba su yi lattin minti ɗaya wajen cire kuɗi ba. Soke rajistar ma sai da na bi shafi biyar, kowanne yana tambayata ko na tabbata, kuma buƙatar a mayar mini da kuɗin ta samu amsa daga irin bakin da ya ce in goge manhaja in sake saukewa. Da na tuna wannan sai sauran ƙananan abubuwan da na yi ta kawar da kai a kansu suka dawo mini, musamman yadda ƙaramin hoton da ke kan wasu wasannin yake nuna 'yan wasa suna murna, har sai na riƙa sa yaron ya juya baya kafin in danna.

Tauraro biyu na ba su, kuma biyun na ajiyar wasannin ne, domin ban san wani wuri da zan samu wasan 2001 da na 2014 cikakku haka ba. Wanda zai saya domin ya sake kallon abin da ya riga ya sani, zai more, in dai ya cire katin bankinsa daga ciki tun ranar farko. Wanda kuma yake da niyya irin tawa, ya riƙa duba ƙarshen kowane wasa shi kaɗai kafin ya zaunar da wani. Tun da kuɗin sun riga sun tafi, jiya da dare na sake buɗe wasan na 12 ga Mayu na ja shi zuwa ƙarshe don in ga ko sun gyara. Gasol yana nan tsaye a gefen fili da ƙwallo a hannu, agogo yana kan 4.2, allon ya yi baƙi.