Ma'aunin matsin silinda: wata huɗu ina aiki da shi a kan tsohuwar Beetle

Motar Volkswagen Beetle ce samfurin 1970, mai inji 1600. Na same ta a kwance ƙarƙashin tamfol, tayoyi biyu sun sace, ɓeraye kuma sun yi gida a ƙarƙashin kujerar baya inda batir yake zama. Ni ba bakanike ba ne, ɗan koyo ne na ranakun hutu. Na wanke tanki, na sa sabon batir, ta tashi, amma tashi na ɗingishi: inji yana rawa a silo, in an taka totur ta yi tari, salansa kuma tana harbi jefi-jefi.

Abin da kowane ɗan koyo ke yi shi na yi. Na canza fulogi da wayoyinsu, na sa sabon kwantak da kwandensa, na kwance kafireto har sau biyu na wanke. Duk abin da na canza sai in tsaya in kasa kunne, in lallashi kaina cewa ta ɗan gyaru. Ko alama. Sai da lalube cikin duhu ya ishe ni sannan na sayi wannan ma'auni, wanda makanikai ke kira ma'aunin kwamfureshan, mai auna ƙarfin matsin iska a cikin kowane silinda.

Irin mai araha ne, babu sunan wani sanannen kamfani a jikinsa. A cikin akwatin robarsa akwai agogo mai allura da ke kaiwa 300 psi (awon matsin iska ke nan), da tiyo ɗaya, da kawunan tagulla huɗu na ramin fulogi: milimita 10, 12, 14 da 18. Na 14 ne na Beetle. Akwai kuma wasu sanduna biyu masu bakin roba da ake dannawa da hannu, waɗanda a wannan mota ba su da amfani, domin fulogin suna can lungu bayan faranti na ƙarfe da ke kewaye inji, hannu ba ya samun wurin da zai danna da ƙarfi.

Takardar bayanin da ta zo da shi layi shida ce, kuma ta tsallake abin da ya fi muhimmanci. Sai inji ya ɗumama, a cire fulogi duka huɗu, a cire wayar da ke kai wa kwayil wuta, a buɗe totur har ƙarshe, sannan a murza ki. Gwajina na farko ban buɗe totur ba, duk silindojin suka nuna ƙasa, cikina ya ɗuri ruwa a banza. Ƙanena ne ke zaune a gaba yana murza ki, ni ina tsugune a baya.

"Yaya, in taka ne ko in bari?"

"Taka har ƙasa, kada ka ɗaga sai na ce."

Da muka yi yadda ya kamata, silinda na ɗaya ya ba da 118, na biyu 120, na huɗu 115. Na uku kuwa allura ta hau da ƙyar, ta tsaya a 70. Injin 1600 mai lafiya bai kamata ya sauka ƙasa da 100 ba. Nan take na ga kuɗin fulogi da kwantak da na zubar, da ranaku biyu da na ɓata a kan kafireton da bai yi laifin komai ba.

Wurin da ma'aunin ya kusa ɓatar da ni shi ne nan. Yana faɗin cewa iska na zurarewa, amma ba ya faɗin ta ina. Ni kuwa da na ga 70 sai zuciyata ta tafi kan ringin fistin, har na fara lissafin sauke inji. Akwai dabarar da aka saba yi: a zuba cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. In lamba ta yi tsalle, ringi ne, domin man ya toshe gefen fistin na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, a duba bawul. Tawa ta tashi daga 70 zuwa 74 kawai. Sai dai silindojin Beetle a kwance suke, biyu dama biyu hagu, man yana taruwa a ƙasa ne bai zagaya ringin duka ba, don haka ban ɗauki wannan amsa a matsayin yanke hukunci ba.

Na bar motar ta kwana ta huce sarai, domin tazarar bawul a wannan inji da sanyi ake aunawa, milimita 0.15. Washegari na kwanta a gefen hagu, na zame wayar ƙarfen da ke riƙe murfin tafet da sukudireba, murfin ya faɗo hannuna da ɗan mai. Na juya inji na kawo na uku daidai wurin tashin wuta, na nemi zura fila geji, siririn fallen ƙarfen nan na auna tazara, a bawul ɗin hayaƙi. Ya ƙi shiga. Na gwada mafi siranta a cikin jerin, shi ma ya ƙi. Ashe bawul ɗin ba ya rufewa gaba ɗaya.

Ba mamaki na uku ne. A samfurin 1970 da waɗanda suka gabace shi, na'urar sanyaya baƙin mai tana tsaye ne a hanyar iskar da fanka ke hurawa ɓangaren hagu, sai na uku ya riƙa samun iskar da ta riga ta ɗumama. A 1971 ne aka fitar da ita zuwa nata ɗakin. Motar da ba ta da lagireto, iskar nan ce duk abin da ta dogara da shi. Shi kuma bawul ɗin hayaƙi yana sauke zafinsa ne a daidai lokacin da ya zauna a mazauninsa, to in bai zauna ba ƙonewa zai yi ta yi.

Sifana 13 da sukudireba, minti goma, na gyara tazarar. Na sake ɗumama inji na auna, na uku ya ba da 105. Rawar silo ta tafi, harbin salansa ma haka.

Sai aibobinsa, kuma suna da ɗan yawa. Tiyon yana da tauri, ɗaura shi a na uku sai an yi ta murguɗa wuyan hannu. Ran nan ina kwancewa, tiyo ya fito ya bar kan tagullar a cikin rami, na shafe rabin awa da filaya mai dogon baki kafin na ciro shi. Kan silindar Beetle na alminiyom ne, haƙoran ramin fulogi ba sa jure ganganci, don haka yanzu da yatsu kaɗai nake ɗaurawa, kuma ina fara matse kan a jikin tiyo sosai tun kafin ya shiga. A wata na uku allura ta fara sulalowa da kanta bayan an auna. Ɗan bawul ɗin da ke bakin tiyo ne ya gaji. Kamarsa ɗaya da na taya, shi ya sa na ɗauko na taya na sa, sai duk lambobin suka zube ƙasa, domin sifirin na taya ya fi ƙarfi. Dole sai nasa na ainihi, kuma babu ko ɗaya na ajiya a akwatin.

Na kuma gwada shi da na wani abokina a silinda ɗaya, suka saɓa da kusan 8 psi. Ban damu ba, tunda abin da nake nema shi ne bambancin da ke tsakanin silindojin, ba ainihin lambar ba. Wanda zai buɗe gareji ya nemi mai inganci, ya haɗa da ma'aunin yoyon silinda, irin wanda ake hura iska da shi a saurari inda take fita, ta salansa ko kafireto ko bakin zuba mai. Mai mota ɗaya a bayan gida irina, wannan ya ishe shi.

Na rubuta lambobin huɗu da kwanan wata a cikin murfin akwatin. Bayan kilomita 500 zan sake buɗe murfin tafet na hagu. In tazarar na uku ta sake matsewa, bawul ɗin miƙewa yake yi, kuma zan sauke injin kafin kansa ya ɓalle ya faɗa kan fistin.